Baba Sanusi da Gurup ɗin Malaman Gona

Duk wanda ya san Baba Sanusi ya san ba a gaisawa da shi a rabu bai karɓi lambar mutum ba. Kafin ka kai gida ya jefa ka cikin gurup ɗinmu na WhatsApp, na ƙungiyar malaman gona ta Sabon Birni da Isa. Mun ba shi riƙon gurup ɗin ne don ya girme mu, muka kuwa gane kurenmu.

Shekarar da ruwan sama ya ɗauke gero yana ƙarami, na tarar ya sa mai facin taya na Gangara. Na ce, "Baba, mai faci malamin gona ne?"

Ya ce, "In tayarka ta hwashe, wa ka kai ka gona?"

Ya ƙara wani ɗan kasuwa na Nijar, kullum safiya sai ya cika mu da gaisuwar "bonjur". Da muka yi ƙorafi Baba ya ce, "Ku bar shi. Shi ka rigan mu ganin hadari." Damina biyu mutumin bai ga komai ba, sai gaisuwa.

Ana nan wani ya rubuta ranar da za a kai iri Burkusuma. 'Yan bindiga suka tare motar, direban bai dawo ba. Har yau ba mu san ko daga gurup ɗin labarin ya fita ba. Muka zauna, shugaban ƙungiya ya ce a rufe gurup, mambobi kaɗai.

Baba ya ce, "Za ni hidda su. Amma manomin da ya shibka sau ukku, wa zai tambaya?"

Ya cire su ɗaya-ɗaya, yana kiran kowa yana ba shi haƙuri.

Ran kasuwa na same shi kan benci, ya ƙure wa wayarsa murya, manoma sun kewaye shi suna jin saƙonninmu.

"Baba, ba haka aka yi da kai ba."

"Kun ce kada su shigo. Ba ku ce kada in hito ba."

Na tsaya na saurara. Ba maganar iri, ba ta taki. Ta'aziyya ce, sai sunayen ƙauyukan da suka tashi. Duk da haka ba wanda ya motsa.

Zazzaɓi ya ɗauke shi kafin kaka, kakar da ba a yi girbi ba. Gurup yana nan a rufe, mu kaɗai, muna gaya wa juna abin da kowa ya sani. Ran jana'iza waɗanda ya cire sun fi mu yawa, wasu da ƙafa suka zo.

Allah Ka jiƙan Baba Sanusi, Ka sanyaya makwancinsa. Mu da ya bari, Ka dube mu.