Ƙwaryar Kawu Bawa a Cikin Gilashi

Da wannan damina shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Kawu Bawa, ƙanin mahaifiyata, gyartan garin Rara. Allah ya jiƙansa. Ga waɗanda ba su tarar da sana'ar ba, gyartai shi ne mai ɗinke ƙwarya in ta fashe. Kawu yakan huda gefen tsagar da basilla, ya bi ta da zaren kaba, sannan ya cika ƙwaryar da ruwa ya ajiye a inuwa. In ƙasan wurin ya jiƙe, ba zai miƙa wa mai ita ba, sai ya warware ya sake.

Dam ɗin Goronyo ne ya ci kasuwarsa, ko da yake ba da gangan ba. Noman rani ya kawo albasa da shinkafa, hannun mutane ya buɗe, roba ta cika gidaje. Matar da a da za ta tako daga Maikujera da fasasshiyar ƙwarya ƙunshe a zane, yanzu in robarta ta tsage sai ta wurga bayan gida, ran kasuwa ta sayo wata. Ban taɓa jin Kawu ya yi ƙorafi ba. Yana dai tsame leda daga hanyar ruwan gonarsa yana tsaki.

Bara wata baiwar Allah ta zo nemana, Rifkatu, 'yar wani malami da ya taɓa koyarwa a Wurno. Ta ce ita mai fasaha ce, tana shirya baje kolin ayyukanta a birni a kan yadda muka koma mutanen a saya a yar. Ta ce tana tuna Kawu tun tana ƙarama. Na ji daɗi, amma ni mutum ne mai zargi, na kuma san ruwa ba ya tsami banza.

Ta nuna mini hotuna a waya, ƙorai jere a bango, kowacce da ɗinkin jan zare. Na ƙura ido. Cikinsu fari fat, babu wadda ta taɓa ganin fura. Da na tambaya ba ta ɓoye ba: sababbi ta saya, ta fasa, ta ɗinke. Wato sai da aka yi ɓarna kafin a yi wa ɓarna wa'azi. Na sha tambayar kaina me Kawu zai ce. Ina jin na san abin da zai yi. Ruwa zai nema, ya zuba a ɗaya, ya tsaya yana kallon ƙasa.

Aron ta gaske ta zo nema, da alkawarin za ta rubuta sunansa ta kuma dawo da ita: ƙwarya guda da ta rage da ɗinkin hannunsa, wadda matarsa Inna Hajo ke dama fura a ciki. Inna ta ƙi. "Mi za su yi da ƙwaryad da ba a sha cikinta?"

Ni na lallashe ta. Duk zargin nan nawa, jin za a rubuta sunan kawuna a birni ya kashe mini jiki. Na sayo mata sabuwar roba shuɗiya mai murfi, na ɗauki ƙwaryar da hannuna.

Rifkatu ta cika rabin alkawari. Ta aiko hoton ƙwaryar a cikin gilashi, sunansa a ƙasa, 'yan gayu tsaye a kanta da lemon roba a hannu. Wataƙila wani a cikinsu ya koma gida ya fasa yar da wani abu, Allah masani. Ni dai wata takwas ke nan ina tambayar ranar dawowar ƙwaryar, kullum amsar ita ce wani babban mutum ya nuna sha'awa. In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi.

To me ya rage na Kawu Bawa? Suna a birnin da bai taɓa takawa ba, a ƙarƙashin ƙwaryar da aka hana kowa taɓawa. A gidansa kuwa ko zare ɗaya na aikinsa babu, kuma ina jin kunyar hakan ƙwarai.

Makon jiya na je Rara gaida Inna. Bayan mun gaisa ta shiga ɗaki ta fito da robar, a tsage tun daga baki har gindi, ta ajiye a gabana.

"Ungo, ɗana. Babu mai gyaranta garin ga. Kai musu wagga ita ma su aje, su rubuta sunanka."