Harlan Tesh da Yaron da Ba Ya Cewa A'a

Sau ɗaya Harlan Tesh ya taɓa tuƙa motar tsere, yana saurayi, kuma tun a kwanar farko ya san kujerar direba ba tasa ba ce. Ya fito, ya miƙa wa mai motar hular kwanonsa, ya ɗauki sifana. Ubansa ma'aikacin kamfanin kujeru ne a wani ƙaramin gari na Karolina ta Arewa, kuma ya so ɗan ya gaje shi, amma Harlan ya bi ƙaurin taya. Ya yi shekaru yana tsallake katanga da jak a hannu don canza taya a manyan filayen tsere, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Da ya haura hamsin sai ya dawo gida, ya zama shugaban makanikai na wata mota guda ɗaya tilo, shuɗiya, mallakar Mis Nadine Shoaf mai motocin ɗaukar yashi. Kowace Asabar suna kai ta filin Cedar Fork, zagayayyen kwalta da bai kai rabin mil ba.

Harlan ne ya kawo Dalton Mabe. Ya gan shi a wani filin jar ƙasa yana tuƙa wata tsohuwar mota da aka haɗa da waya da addu'a, ya ga yadda hannun yaron yake kwance a sitiyari, ba fizga, ba gaggawa. Shekararsa sha tara, maraya ne, kakarsa ta raine shi. Harlan ya ce wa Mis Nadine, "Ki ba shi motar. In bai yi ba, ki kore mu tare."

Aikin shugaban makanikai a kunne yake. Shi ba ya cikin motar, don haka sai abin da direba ya faɗa masa ta rediyon da ke cikin hula. In direba ya ce ta yi tauri, wato ya juya sitiyari gaban motar ya ƙi bi, sai a sassauta. In ya ce ta yi sako-sako, wato bayanta na neman wuce gabanta, sai a ɗaure. Kalmomi biyun nan ne duk sana'ar. Harlan yakan juya ƙusar sifirin, ya rage iskar taya, ya tura yaron fili, sannan ya danna maɓallin rediyo.

"Yaya take yanzu, ɗana?"

"Ta yi, yallaɓai."

"Ta fi ɗazu?"

"Eh, yallaɓai. Na gode."

Da farko abin ya yi wa Harlan daɗi. Ya sha fama da direbobi masu baki, waɗanda in sun zo na ƙarshe laifin mota ne, in sun yi na ɗaya hannunsu ne. Amma kafin damina ta raba, Dalton ya kai motar katanga har sau uku, kuma kowane karo abin da ya faɗa na ƙarshe kafin ƙarar ƙarfe shi ne, "Ta yi, yallaɓai."

Boone, mai kula da tayoyi, ƙaton mutum mai zuba gyaɗa a kwalbar lemo yana sha yana taunawa, ya laƙaba wa yaron suna Mai Fenti.

"Mai Fenti, wane gefen katangar za ka shafa mana shuɗi yau? Kwana ta uku ta yi kyau, saura ta ɗaya."

Dalton sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai.

Da motar ta dawo a bayan janwe karo na uku, Mis Nadine ta zo gareji da kanta. Ta zagaya motar, ta taɓa inda ya lotse da ƙafar takalminta.

"Harlan, tseren rufe shekara ne ya rage. In motata ta sake dawowa a rataye, akwai wani direba ɗan garin Lexington da ubansa ke ta kirana. Kuma ka tuna abin da ka ce da bakinka."

"Na tuna, Nadine."

Ranar Lahadi bayan an taso coci, Kaka Opal, kakar Dalton, ta gayyaci Harlan cin abinci. Idonta ya fara rauni, amma ba ta yarda kowa ya shiga madafinta. Ta kawo soyayyar kaza, da waken gwangwani da ta dafa da kanta, da burodin masara. Harlan ya kai cokalin wake baki, ya tsaya. Sukari ta zuba a madadin gishiri, kuma ba kaɗan ba. Ya haɗiye da ƙyar, ya bi da shayi mai ƙanƙara.

"Dalton, waken ya yi?" in ji tsohuwar.

"Ya yi, Kaka. Na gode."

Ya cinye, ta ƙara masa, ya sake cinyewa. Harlan ya ajiye cokali yana kallonsa. Muryar nan ce sak, wadda yake ji a kunnensa kowace Asabar, da ɗan jinkirin nan kafin amsa.

"Na yi masa tarbiyya," Kaka Opal ta ce, tana nuna jikanta da cokali. "A gidan nan ba a ce wa babba aikinsa bai yi ba. Kakansa ma bai taɓa ji daga bakin 'ya'yansa ba."

"Na gani, Mis Opal," in ji Harlan.

A tsakiyar mako ya nemi a buɗe musu filin da rana don gwaji. Kafin yaron ya iso, ya shiga ƙarƙashin motar ya ɗaure ta da gangan, tauri irin wanda ba ya jefa mutum katanga amma yana sa mota ta zama kamar tarakta. Boone na kallonsa.

"Tsufa ne ya kama ka, ko Nadine ce ta ɓata maka rai?"

"Ci gyaɗarka."

Dalton ya fita. Daga inda Harlan yake tsaye yana jin tayar gaba tana kuka a kowace kwana.

"Yaya take?"

"Ta yi, yallaɓai."

Harlan ya kira shi ciki, ya ƙara ɓata ta, ya sake tura shi. Yanzu har sai yaron ya kusa tsayawa kafin motar ta yarda ta juya.

"Yanzu fa?"

"Ta… ta fi ɗazu, yallaɓai."

"Shigo."

Da yaron ya cire hula, gumi ya jiƙa masa kai sharkaf saboda kokawa da sitiyari. Harlan ya jawo taya ya zauna a kai, don gwiwoyinsa ba sa son doguwar tsayuwa.

"Ni na lalata ta. Da hannuna, sau biyu. Motar nan ko kakarka ba za ta kai ta coci ba. Ka ce mini ta yi."

Dalton ya kalli ƙasa. Kunnuwansa suka yi ja.

"Mista Harlan, na ga kana kwance a ƙarƙashinta duk mako. Na ga yadda kake dafa bango kafin ka miƙe. In zo ni, ɗan jiya, in ce maka ba ta yi ba? Sai na ce bari in gyara da hannuna a fili."

"Ka ga inda gyaran hannunka ya kai mu. Ji nan, ɗana. Motar nan ba ƙanwata ba ce, ka zage ta son ranka. Ni makaho ne in kana ciki, kai ne idona. In ka ce ta yi alhali ba ta yi ba, ba ladabi ka yi mini ba, rami ka tura ni. Ce mini, motar nan shara ce."

Yaron ya dubi Boone.

"Faɗi mana, Mai Fenti," in ji Boone. "Ni kullum ina faɗa masa, bai mutu ba."

"Motar nan… ba ta kai yadda ake so ba, yallaɓai."

Boone ya ƙyalƙyale da dariya har lemo ya fito masa ta hanci. Harlan bai yi dariya ba. Ya ce da sauƙi, a fara daga nan. Suka shafe yinin yana canza abu yana tura shi, kuma duk lokacin da yaron ya ce ta yi, sai Harlan ya ce, "Ban ji ba, rediyon ya lalace," har sai ya faɗi wani abu daban.

Tseren rufe shekara da rana ake yinsa, mai tsawo ne, kuma ana tsayawa a tsakiya a ba makanikai ɗan lokaci su taɓa mota. Dalton ya tashi daga tsakiyar jeri. Kafin a yi nisa ya wuce motoci huɗu, agogon hannun Harlan kuma yana nuna gudu mai kyau, mafi kyau da suka samu a shekarar. Harlan ya yanke a ransa cewa ba zai taɓa komai ba in an tsaya.

"Kana tafiya daidai, ɗana. Yaya take?"

Motar ta wuce gabansa, ta zagayo, ta sake wucewa.

"Mista Harlan." Muryar Dalton ta shigo kunnensa. "Ba ta yi ba. Sako-sako take in na taka totur zan fita kwana. Tana ƙaruwa."

Harlan ya dubi agogo. "Agogo ya ce kana cikin masu gudu uku na gaba. Sako-sako kaɗan shi ne gudu. Ka riƙe ta haka."

"A'a, yallaɓai."

Harlan ya ji kalmar ta sauka masa a ƙirji. Shi ya roƙe ta, shi ya yini yana koyar da ita, amma da ta zo, a gaban Boone da Mis Nadine da ke sauraro da tasu na'urar, sai ya ji zafinta. Shekara talatin yana wannan aiki. Bakinsa har ya buɗe zai ce wa yaron ya yi tuƙinsa ya bar masa nasa.

"Ba za ta kai ƙarshe ba," Dalton ya ci gaba, da sauri, kamar mai tsoron in ya tsaya ba zai iya ɗorawa ba. "Tayar baya ta dama na cinyewa. Ina jin ta a bayana. In aka bar ta haka, katanga zan sha, wallahi ina ji. Ka ɗaure ta."

Harlan ya saki maɓallin. Ya dubi Boone, wanda ya daina tauna.

"Kawo dogon sifana."

Da aka tsaya, Harlan ya durƙusa da ƙyar ya shafa tayar baya ta dama. Ta yi zafi fiye da sauran, fuskarta ta fara yin laushi kamar ƙaro. Ya zura sifana ta tagar baya ya juya ƙusar, ya sa Boone ya rage iska. Ya san abin da ya yi zai ci musu gudu. Ya leƙa ta ragar da ke tagar direba.

"Na ɗaure ta. Za ta yi nauyi. Kar ka yi mini godiya, ka dai faɗa mini."

"Eh, yallaɓai." Yaron ya gyara riƙon sitiyari. "In ba ta yi ba zan faɗa."

Rabi na biyu ba abin kallo ba ne. Motoci biyu suka wuce shi, Harlan ya cije leɓe. Amma da tsere ya yi nisa, tayoyin mutane suka fara ƙarewa. Wata jar mota da ke gabansa ta juya a kwana ta huɗu ta kwashi wata, Dalton ya bi ta ƙasa ya wuce cikin hayaƙi. Sau biyu ya yi magana ba a tambaye shi ba, sau ɗaya ma har ya ce wa Harlan ya yi shiru yana ƙoƙarin wuce mutum. Ya ƙare na shida, ba ko ƙwarzane a jikin motar.

Mis Nadine ta sauko, ta zagaya motar kamar yadda ta saba, ba ta sami inda za ta taɓa da takalmi ba.

"Na shida ba na ɗaya ba ne," ta ce.

"A'a, ranki ya daɗe," in ji Dalton. "Amma da mun sami sababbin sifirin na gaba, da na yi na uku. Waɗannan sun mutu tun bara."

Ta dubi Harlan ta saman tabarau. "Kai ka koya masa wannan?"

"Ni ne. Yanzu kuma sai mu haƙura da shi."

Ta ce su zo ofis ranar Litinin a yi maganar baɗi. Harlan da Dalton sun yi shekara biyu tare a shuɗiyar motar, suka ci tsere huɗu, kafin wani babban gareji ya ɗauki Dalton zuwa manyan filaye. Yaron ya nemi a tafi da Harlan, Harlan ya ce gwiwoyinsa ba za su iya yawon jihohi ba. Yana nan a Cedar Fork. Bana Mis Nadine ta ba shi wata yarinya 'yar shekara sha bakwai daga tsaunuka, wadda tun zagayen farko take ce masa motar ba ta da birki, ba ta da inji, kuma kujerar ma ta karkace. Harlan ya ce wannan aikin daban ne, kuma ya fara shi.