Malam Badaru, Mai Tambayar Kwamfuta Kafin Ya Taɓa Ta

Ƙarfe bakwai na safe, ko da hadari ya haɗo, za ka tarar Malam Badaru ya buɗe shagonsa na gyaran kwamfuta a Kankia, yana share ƙasa daga bakin ƙofa. Shekara goma sha tara ke nan. Ni ɗan acaɓa ne, karatuna bai yi nisa ba, amma ni nake kai shi ƙauyuka, na kuwa ga abin da na gani.

Shi ba ya sa wa kwamfuta babbar manhajar da ke tuƙa ta sai ya gwada daga filashi tukuna: allo ya kawo? Sauti ya fito? Ta kama waifai? In ɗaya ya ƙi, ya fasa. Mutane suna cewa ya cika nawa.

A damina ta bara Adda Rahma, ma'aikaciyar wani ƙaramin asibiti wajen Kusada, ta kira shi. Wani yaron birni, Nasiruddeen, ya goge tsohuwar manhajar kwamfutarsu ya zuba sabuwa mai kyan gani. Komai na aiki, sai waifai. Ga sunayen masu juna biyu arba'in da ɗaya, in ba a tura su ta intanet kafin Juma'a ba, babu maganinsu a watan.

Malam ya duba ya ce, "Adda, kwamfutar lafiyarta lau. Sabuwar manhajar ce ba ta san ɗan ƙarfen da ke kama sabis ba."

"To a sanar da ita mana, Malam!"

"Abin da za a sanar da ita yana intanet. Ita kuma ba ta hawa intanet sai da shi."

Sau uku muka yi Kankia muka dawo cikin taɓo, yana ɗauko abin a filashi, yana ƙin shiga. Na huɗu ya shiga, ranar Asabar. Adda Rahma ta zauna bakin benci, Juma'a ta riga ta wuce. Watan nan matan suka yi ta zuwa suna komawa hannu wofi.

Kai ne ka ƙi cin abinci ranar, Malam, alhali ba kai ka ɓata ba. Mai haƙuri, gwani na kan tudu. Yanzu idonka ya raunana, ƙarshen wata za ka rufe shago, ba kuma wanda ya zauna ya koya. Ban san wa Adda Rahma za ta kira ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu wannan sana'a, don Allah ku riƙa gwadawa kafin ku goge.

Shekaranjiya Nasiruddeen ya leƙo, wata kwamfutar ta sake ƙi masa. Malam ya jawo masa kujera kusa da shi, ya nuna masa yadda ake gwaji tun daga farko, sannu a hankali, har sau biyu. Ana gamawa wayar yaron ta yi ƙara, ya kara a kunne ya fice. Malam ya laluba ya maida kujerar inda take.