Kwandansatar da Na Jefa a Garwashi

Shekara goma sha tara ina gyaran rediyo a bakin Birni, kuma ban taɓa yarda kunne ya fi mitar awon wuta gaskiya ba. Abin da allurar mita ta ce ya mutu, to ya mutu. Maigidana da ya koya mini aiki yana da doka guda: duk mataccen abin da ka cire, jefa shi cikin garwashin da muke gasa ƙarfen dalma in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, kada gobe ya koma cikin masu rai ya ba ka kunya. Hannuna ya saba, har ba tare da tunani ba nake yi.

Taubashina, ɗan gwaggona, makaɗin gita ne a gidajen biki. Wata Laraba ya shigo da fedal ɗinsa, ɗan akwatin nan da ake takawa da ƙafa ya sauya muryar gita. Yayansa ne ya haɗa shi da hannunsa cikin tsohon gwangwanin alawa, shekara biyu kafin ya rasu.

"Wayar pil ce ta tsinke," in ji shi, yana nuna mazaunin batir. "Liƙa ta kawai. Kada ka yi mini gwaninta, na san halinka."

Na ce, "Yaushe bawa ya fara koya wa ubangidansa aiki? Tafi abinka."

Liƙa wayar bai kai minti biyar ba. Amma a wurinmu abin kunya ne ɗan'uwa ya kawo kaya ka mayar masa ba ka ƙara masa komai ba. Na leƙa ciki, sai na ga wani tsohon kwandansatar, ɗan abin da ke tace sauti, ya bar wani ya wuce, ya tare wani. Irin na takarda ne da aka tsoma a kakin zuma, ya yi baƙi, ga alama daga tsohuwar rediyo marigayin ya ciro shi. Na auna. Ya kauce wa lambar jikinsa nesa, har yoyo yake yi. Na cire shi na sa sabo na yumɓu, ɗan ƙarami mai sheƙi, lamba ɗaya sak. Tsohon kuwa na cilla shi garwashi. Ya yi ƙauri, ya narke, ni kuma ina jin daɗin kaina.

Na san duk Juma'a bayan la'asar taubashina yakan yi wa gwaggo kiɗa a tsakar gida, tunda idonta ya tafi. Abin da ban taɓa tambaya ba shi ne dalili. Ya karɓi fedal ɗinsa, ran Juma'a kuwa na je gidan da babbar rigata don in karɓi godiya.

Gwaggo tana kan tabarma gindin darbejiya. Taubashina ya jona gita, ya taka fedal, ya kaɗa. Sautin ya fito tsaf, amma da kaifi, kamar ana kankare tukunya da cokali. Hannunsa ya tsaya cak. Ya sake takawa, ya sake kaɗawa.

Gwaggo ta juyo da fuska. "Wa kuka kawo mini?"

"Ni ne, Inna."

"Kai na san hannunka. Ina muryar yayanka?"

Ashe shekara shida ke nan ba kiɗa take saurare ba. Wannan dusasshen sauti mai ɗumi, da ni zan kira lalacewa, da shi babban ɗanta yake kiɗa a wannan tsakar gida, kuma duk Juma'a shi take jira. Taubashina ya dube ni, a hankali ya ce, "Me ka taɓa?" Na faɗa masa. Ya ce in kawo tsohon a mayar. Na ce masa na ƙona shi. Da ya zage ni da na ji sauƙi, amma sai ya zare wayar gitarsa ya naɗe.

Na ce ai lamba lamba ce, zan samo madadinsa. Juma'a bakwai ina zuwa gidan da ƙarfen dalma da ƙunshin kwandansatar, gwaggo ce alƙali. A nan na koyi abin da mita ba ta taɓa gaya mini ba. Na yumɓu yana sa sauti tsami idan an danna kiɗa da ƙarfi. Koren nan na leda ya fi laushi, amma ta ce ya yi tsabta da yawa, kamar baƙo. Na gwangwani ya toshe muryar. Har garin Tirmini na je kan kabu-kabu don wata tsohuwar rediyo, na ciro na takarda irinsa. Ya kusa. Sai dai kowane tsoho da irin tsufansa, kuma na marigayin shi kaɗai ya lalace ta wannan hanya.

Ran Juma'a ta bakwai, da aka gwada na Tirmini, ta saurara har kiɗan ya ƙare. Ni har na fara murna a zuci. Sai ta miƙo hannu tana lalube, ta kama wuyan hannuna.

"Ɗan ƙanena, tattara kayanka haka nan. Ka wahala."

"Gwaggo, saura kaɗan. Akwai wata rediyo a Takeita."

"Bar ta," in ji ta. "Shekara shida ana yi mini gaisuwarsa ina amsawa da baki kawai. Yanzu na san ya rasu."

Ta ce a shigar mata da tabarma ɗaki. Daga ranar ba a sake kiɗan Juma'a a gidan ba.