Ruwan Daren Juma'a

Ɗantani na Unguwar Ɗorawa, wani ƙaramin ƙauye a gefen Ba'awa cikin ƙasar Kiru, bai taɓa riƙe sarauta ba, bai je Makka ba, gonarsa ma ba ta kai a yi zancenta ba. Abu ɗaya aka san shi da shi: in ya ce abu ya faru, to ya faru. Tun yana saurayi yake bin mahaifinsa duba iyakokin gonaki, har ya haddace inda kowane layin gamba ya bi, da inda aka taɓa tumɓuke shi aka matsar. Shekara talatin, duk rigimar iyaka da ta zo gaban mai unguwa, shi ake aikawa a kira. Yakan zo da sandarsa, ya taka, ya nuna, magana ta mutu. Ba a taɓa cewa ya rantse ba.

A faɗi gaskiya, mutum ne mai wuyar zama. Ba ya sa wa labari gishiri, kuma ba ya barin wani ya sa a gabansa. In aka ce kasuwar Yako ta cika ba masaka tsinke, sai ya ce ai wajen 'yan tumaki da sauran fili. Matarsa Zuwaira ta daina tambayarsa ko miya ta yi daɗi tun shekararsu ta biyu da aure.

Shekara goma sha biyu da suka wuce, wata cibiyar binciken yanayi ta raba ma'aunin ruwan sama a ƙauyuka ashirin da wani abu, tun daga Bebeji har Doguwa. Mas'ud malamin gona ne ya kawo na Unguwar Ɗorawa a bayan babur. Da ya tambaya wa za a ba, ba a yi doguwar shawara ba. Ɗantani ya yi ajin yaƙi da jahilci, yana rubutun boko da manyan baƙaƙe kamar mai yin shinge. Ma'aunin ba wani abu ba ne, gwangwani ne da mazurari a kai, sai kwalba mai layi-layi da lambobi. Mas'ud ya kafa shi a bayan gida, ya miƙa takardu masu jerin ranakun wata, ya ce, "Baba, duk ranar da aka yi ruwa ka auna, ka rubuta a layin ranar. Shi ke nan aikin, kuma na sa kai ne."

Ɗantani ya ɗauki abin fiye da yadda aka ba shi. Ya kewaye gwangwanin da ƙaya saboda awaki. Ya sare reshen mangwaronsa mafi 'ya'ya, don ya ga yana ɗigo kusa da mazurarin, Zuwaira ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba. Da ɗan ƙanensa ya yi aure a Tudun Wada cikin damina, ana shafa fatiha ya tari mota, wai ya ga hadari ya haɗu a gabas. Mutanen gari suka sa masa Sarkin Ruwa. In ya zo wucewa da hantsi sai su ɗaga murya, "Sarki, nawa Allah ya ba mu jiya?" Shi kuwa sai ya tsaya ya ce milimita goma sha bakwai, ko dariya babu. Bayan takardar da Mas'ud ke karɓa duk ƙarshen wata, ya sayi littafin 'yan makaranta yana rubuta nasa, har da lokacin da ruwan ya sauko: da la'asar, bayan isha'i, gab da asuba. Ba wanda ya sa shi.

Bara cibiyar ta sake tsari. Aka ce yanzu da tauraron ɗan'adam za a riƙa aiki, da wasu na'urori masu auna ruwa su aika da kansu. Tsofaffin takardun ƙauyuka kuwa aka zuba su a kwamfuta aka gwada da abin da tauraron ya gani, wanda ya dace a riƙe, wanda bai dace ba a ajiye gefe. Na ƙauyuka uku ba su dace ba, har da na Ɗantani. Ranar da tauraro ya ce an yi ruwa, sau da yawa layin Ɗantani babu komai. Washegari kuma da sama take tangaran, sai a ga ya rubuta milimita talatin.

Cibiyar ta aiko wasiƙa, da Turanci ta zo. Mas'ud ya tarar da Ɗantani a gindin ɗorawa cikin mutane, kuma bai yi tunanin jan sa gefe ba. Ya karanta yana fassarawa, ya zo kan wata kalma ya yi ta lalube, can ya ce, "Wato dai sun ce abin da ka rubuta ba gaskiya ba ne." Kafin la'asar maganar ta zaga gari, kuma ta ƙara kitse a hanya: wai masana sun kama Ɗantani yana zama a ɗaki yana ƙirƙiro lambobi. Ba wanda ya zo ɗaukar gwangwanin, shi kuma bai daina aunawa ba. Da Zuwaira ta ce wa yake yi wa, sai ya ce ruwan ai bai san an sallame shi ba.

Da bazara ta yi, wutar daji ta cinye gambar da ta raba gonar Asibi da ta maƙwabcinta Uba. Asibi matar marigayi Ɗahiru ce, aminin Ɗantani tun na ƙuruciya, ita ke noma gonar tana ci da 'ya'ya huɗu. Uba ya sa shanun huɗa suka shigo mata kunya shida, kuma ta wajen kwari, inda masararta ta fi yi. Uba ba ɓarawo ba ne, mutum ne dai da idonsa kan ga iyaka ta ɗan matsa wajen da ya fi masa. Aka je gaban mai unguwa, aka aika kiran Ɗantani kamar kullum.

Ɗantani bai ko ɗaga sanda ba Uba ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban raina Baba Ɗantani ba. Amma wanda aka samu da ƙarya a kan ruwan Allah, yaya za a yanke mini gona da bakinsa?"

Mai unguwa ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Malam Ɗantani, don a huta, ka yi alwala ka dafa Alƙur'ani. Ba don ni ba."

Ɗantani ya san iyakar kamar yadda ya san ƙofar ɗakinsa, rantsuwar ba za ta ci shi ba. Amma abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya ji in ya dafa ya amince ke nan cewa bakinsa kaɗai ya daina isa. Ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri," ya juya ya tafi gida. Da babu shaida, aka bar kunyoyin a hannun wanda ya huɗe, Uba ya shuka masara. Ɗantani ya sani sarai zuciyarsa ce ta jawo wa matar amininsa wannan asara, kuma sanin bai sa ya koma ba. Ya daina bin hanyar da ta ratsa ta gonar, ya daina zaman gindin ɗorawa.

Cikin watan Agusta wata mota ta maƙale a caɓin bakin gari, wata matashiya ta fito ta ƙarasa da ƙafa, takalma a hannu. Bahijja ce, ɗalibar digiri na uku a cibiyar, 'yar birnin Kano. An ba ta takardun da aka ajiye gefe ne ta rufe su, sai wani abu ya hana ta. In aka haɗa ruwan wata guda, lissafin Ɗantani da na tauraro kusan ɗaya suke, shekara bayan shekara. Ranakun ne kawai suke saɓawa, su ma ba kullum ba. Mai ƙirƙira daga ɗaki ba zai yi ta dacewa haka ba.

Ta durƙusa ta gaishe shi a zaure. Ya amsa a taƙaice, bai ce a kawo ruwa ba, sai da Zuwaira ta kawo don kanta. Bahijja ta buɗe kwamfutarta ta ce, "Baba, tambaya ɗaya na zo yi. Shekara huɗu da suka wuce an yi wani babban ruwa a watan Yuli, ka rubuta milimita saba'in da ɗaya."

"Wanda ya kwantar da katangar masallaci."

"To. Mu a wurinmu ranar Alhamis aka yi shi. Kai kuma ka sa shi a Juma'a."

"Daren Juma'a aka yi shi, ana idar da isha'i ya sauko."

"Wato Juma'a da daddare?"

Ya dube ta kamar bai ji daidai ba. "A'a, 'yata, daren Juma'a. Gari ya waye muka kwashe ƙasar katangar, sannan muka tafi masallacin Juma'a cikin taɓo. Ke a gidanku in rana ta faɗi ran Alhamis, daren me kuke cewa?"

Bahijja ta janye hannunta daga kan kwamfutar. Ta sani mana. Kakarta ba ta taɓa barin daren Juma'a ya wuce ba ta yi sadaka ba, kuma ran Alhamis da magariba take yi. Kowane Bahaushe ya san rana tana sakewa ne da faɗuwarta, sai dai takardar da aka ba Ɗantani da sha biyun dare take sake rana, kuma ba wanda ya gaya masa. Ruwan rana sun dace, ruwan gab da asuba sun dace. Duk wanda ya sauko tsakanin magariba da sha biyu kuwa, shi ya tura shi gobe, tauraro ya bar shi a yau. A wannan yanki kuwa lokacin hadari ke nan.

"Ni kaina," in ji Ɗantani, "ran Lahadi bayan magariba aka haife ni. Kin ji ana ce mini Ɗanladi? Ɗantani ake ce mini, ɗan Litinin."

Dariya ta kuɓuce mata, sai kuma kunya ta rufe ta. Ta tambaya ko zai iya tuna lokutan sauran. Ya shiga ciki ya fito da littattafai goma sha biyu ɗaure da tsumma. Ta wuni tana ɗaukar hotonsu shafi-shafi, tana gyara ranaku, layukan suna faɗawa kan na tauraro ɗaya bayan ɗaya. Ta ce a duk ƙauyukan babu wanda ya rubuta lokacin saukar ruwa sai shi, kuma abin da suke nema ke nan don su gane ko ruwan yankin yana sake hali. Ta ce za a mayar da takardunsa cikin binciken, za a sa sunansa a rahoto, za a kuma aiko wasiƙar ban haƙuri.

"Wasiƙa ta ishe ni haka," in ji shi. "In za ki iya, ki faɗa da bakinki a ƙofar mai unguwa, da Hausa."

Ta je bayan la'asar, mutane suka taru don ganin baƙuwa. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce kuskuren nasu ne, su da suka ba Bahaushe takarda ba su tambaye shi yaushe ranarsa take farawa ba, kuma a shekara goma sha biyu ba ta ga inda Baba Ɗantani ya rubuta ɗigon da bai sauka ba. Wani tsoho ya ce to su masanan da can da tsakar dare suke wayar gari? Aka yi dariya, har Uba. Mai unguwa bai bari ta huce ba, ya ce gobe da hantsi a haɗu a gonar.

Ɗantani ya zo da sandarsa, ya ratsa cikin masarar Uba da ta riga ta yi goyo, ya tsaya, ya caka ƙasa. Aka tona wurin aka tarar da saiwar gamba a ƙone. Mai unguwa ya ce Uba ya girbe abin da ya shuka, ya ba Asibi rabi, kunyoyi shida su koma inda suke. Ba wanda ya kawo zancen alwala.

Mutane sun watse, yana kakkaɓe ƙasa daga sandarsa, sai Asibi ta matso ta durƙusa. Ya ɗauka godiya za ta yi, har ya shirya ya ce ita ce za ta yafe masa, tun da taurin kansa ya ci mata rabin masara.

"Malam, ka yafe ni," ta ce, idonta a ƙasa. "Ranar da ka ƙi rantsewa, ni ma na ce a raina ashe da gaske ne. Har na yi ta tunanin ko sauran iyakokin ma haka ka yi ta nunawa."

Maganar Uba ba ta kai masa inda wannan ta kai ba. Shekara ashirin da biyar matar nan tana kawo masa ruwa a zauren Ɗahiru, shi ya yi wa 'ya'yanta biyu huɗuba. Ya ce ya yafe, kuma da gaske ya yafe, don ba ya faɗar abin da ba haka ba. Da ya koma gida Zuwaira ta tare shi da murna, ta tambaya yaya aka ƙare. Ya ce an ƙare lafiya, gona ta koma. Ya zauna ya daɗe bai taɓa furar da ta ajiye masa ba. Can ya ce, "Asibi ta gaya mini gaskiya yau. Da ma ta bar ta a cikinta."