Mazarƙwailar da Na Riƙa Kai wa Iya

Bari in fara da tona wa kaina asiri: shekara guda cur na yi ina safarar mazarƙwaila a cikin hulata. Ranar da ta narke mini a hanya, ƙudajen unguwarmu Takur kaf suka rako ni gida kamar ango, har da waɗanda suka taso daga Kafin Hausa don sun ji labari. Shekarata goma a lokacin, kuma gani nake duk Dutse babu mai wayona.

Iya, kakata ta wajen uba, ita nake kai wa. Baba ya ɗauko ta daga ƙauye bayan an dawo da shi aiki Dutse, saboda a asibiti an ce tana da ciwon suga. Likita ya rubuto takarda, Umma ta liƙa a ƙofar kicin: ba sukari, ba lemon kwalba, tuwon shinkafa kuwa sai dai ta hango a kwanon wasu. Nata shi ne tuwon alkama malmala ɗaya 'yar ƙarama, da wake, da zogale. Baba ya yi mata bayani cewa masana sun yi bincike, sun gano kiyaye abinci yana riƙe ciwon nan tamkar magani.

"Binciken nan a kan awaki suka yi shi?" in ji Iya. "Safe ganye, yamma ganye. Saura ku ɗaura mini igiya."

To, kowa ya san jika namiji mijin kakarsa ne a wasa. Nan ta kama ni. Bayan magariba, in an sauke tuwo, mukan zagaye ta a bakin murhu, ni da ƙannena, garwashi yana ja. Sai ta dube ni a kaikaice.

"Maigida, wane irin miji ne kai, ba cefane ba tsaraba? Gobe zan bar ka in auri ƙanenka."

"Haba amarya, wa zai kwashi tsohuwa ba haƙori in ba ni ba?"

"Ja'iri! Tatsuniyata dai ba ta fitowa ta busasshen maƙogwaro."

Sai in faki idon Umma, in cire hula kamar zan sosa kai, in zura mata mazarƙwailar a ƙarƙashin mayafi.

Akwai tatsuniyar da ta fi yawan ba mu. Wani yaro ne yake da tattabara da yake so kamar ransa. Ta kamu da ciwo, mai magani ya ce kada ta ƙara shan zuma. Amma kullum sai ta sauka a kafaɗarsa tana kuka: "In kana so na, ɗigo ɗaya." Iya takan marairaice murya a nan har mu faɗi ƙasa don dariya. Yaron ya yi ta ba ta, fukafukanta suna nauyi. Ranar da gobara ta kama ɗaki, duk tattabaru suka tashi, tasa ta buɗe fiffike ya ƙi ɗaukarta.

"Waye mai laifi?" Iya takan tambaya, kumatunta a kumbure da mazarƙwailata.

"Tattabarar!" in ji ni. "Kwaɗayayya!"

Sai ta yi murmushi, ta tura itace cikin wuta.

Yanzu shekarata goma sha bakwai, kuma na juya tambayar nan ya fi sau dubu. Wani lokaci in ce gargaɗi take yi mini, tana so a sami wanda zai iya ce mata a'a. Wani lokaci in ce tsokana ce kawai irin tata. Abin da na tabbata shi ne, Umma da take auna malmala tana shan zagi ta fi ni son Iya, ni da nake shan yabo. Duk wata in an gwada jininta aka ga suga ya hau, Baba yakan yi wa Umma faɗa, ni kuwa ina zaune a wurin, ban taɓa cewa uffan ba.

Da damina ta biyu da zuwanta ƙaya ta soke Iya a ƙafa. Ciwon ya ƙi warkewa, aka kai ta Kano aka yanke ƙafar. Bayan wata huɗu ta rasu, Allah ya jiƙanta. Har yau Baba da Umma ba su sani ba.