Hular da Inna Ta Ɗinka Mini

Shekarun baya, tun yankinmu na Jazira a ƙasar Sudan yana zaune lafiya, wani ciwo ya kama ni da abokina, ciwon ɗaukar hoton ƙananan abubuwa. A lokacin ina gyaran waya a wani ɗan shago a Hasahisa, da yamma in koma ƙauyenmu. Shi kuwa malamin makaranta ne, kuma ban taɓa ganin mai gardama irinsa ba. In ka ce ruwan Nilu ya ƙaru, sai ya ce idonka ne ya ragu.

Abin da ya haɗa mu shi ne ɗan gilashin nan da ake maƙala wa kamarar waya don ya kawo ƙaramin abu kusa, wanda mu a nan muke ce wa adasa. Guda uku muka tara. Ta farko tawa ce, ta roba, na saye ta a wurin masu baza kaya a ƙasa a kasuwa. Tana girmama abu sosai, amma sai ka kusan manna wayar a jikinsa, inuwarka ta rufe shi, kuma tsakiyar hoton kaɗai ke fita, gefe duk dishi-dishi. Ta biyu ta abokina ce, gilashi na gaske mai ɗan nauyi, wani ɗan'uwansa ya aiko masa daga Saudiyya. Ita daga ɗan nesa take ɗauka, hoton ya fito tas. Ta uku tsohuwa ce, faffaɗa kamar gindin kofin shayi. Wani mai hoto da ya rufe shagonsa ya ba ni ita. Don babbar kamara aka yi ta, saboda haka sai dai ka riƙe ta da hannu a gaban waya, kuma girmamawarta ba ta kai ta sauran ba. Mun raina ta ƙwarai.

Ba abin da ba mu bi ba. Ƙuda, tururuwa, furen auduga a hawasha, wato gonar da gidanmu ke nomawa, har da kwaɗo a bakin tur'a, wato magudanar ruwan ban-ruwa. Ranar kwaɗon ce na zame na faɗa ruwan ban-ruwa har ƙugu, hannuna a sama ina kare waya, mutanen da ke tsinkar kuɓewa suna ta dariya. Wani dattijo ya ce wa abokina, "Ku biyun nan, a kai ku ga malam tun abin bai yi nisa ba."

Kullum gardamarmu ɗaya ce, adasar wa ta fi. Wata ranar Juma'a bayan an sauko, muna zaune a zauren gidanmu, abokina ya ce duk gwajin da muke yi na banza ne, tunda ƙuda ba ya tsayawa, fure kuma iska na kaɗa shi. A samo abin da ba ya motsi, mai layi miƙaƙƙe, a ɗauka da kowace, sannan a ga wadda ke lanƙwasa layi. Kafin in ce wani abu ya fizge hular kaina.

Hular nan mahaifiyata ce ta ɗinka ta. Duk yankinmu an san hannunta a ɗinkin hula, har daga Rufa'a ake tsallako kogi a kawo mata aiki. Ni kuma ɗan farinta ne. Wanda ya san gidajenmu ya san me wannan ke nufi. Ba ta kiran sunana, ba ta zama hira da ni, in na shigo gaishe ta sai ta ja gefen mayafinta ta kau da kai, ni ma in sunkuya in gaishe da ƙasa. A hannun kakata na tashi. In mahaifiyata tana da magana da ni, ƙanwarta take gaya wa, wadda muke kira Hala, ko da kuwa ina tsaye a wurin. Amma kowace Sallah, in na shiga ɗakina, sai in tarar da sabuwar hula a kan gadona. Ba ta taɓa miƙa mini da hannu ba, ni ma ban taɓa yi mata godiya da baki ba. In sa hular in wuce ta gabanta zuwa Idi, shi ke nan an gama magana.

Muka ɗora hular a kan tabarma inda haske yake. Na fara da tawa ta roba. Ɗinkin ya fito a karkace, zare yana hawa kan zare. Abokina ya kwashe da dariya har da buga cinya.

"Ya zol, mutumina, wagga ba adasa ba ce, gindin kwalba ne! Matsa ka ga aiki."

Ya maƙala tasa, ya daidaita hannu, ya ɗauka. Muka haɗa kai a kan wayar. Dariyarsa ta tsaya. Ɗinkin yana nan a karkace, sai ma abin da ya ƙara fitowa fili. Ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya ce inuwata ce, ya sake ɗauka. Haka dai. Na ɗauko tsohuwar faffaɗar na riƙe a gaban tawa wayar. Ita da yake tana kama wuri mai faɗi, sai ta nuna mana zanen gaba ɗaya. Layukan sun kauce wa juna. Akwai gurbin da allura ta tsallake. Akwai inda aka faro da zare shuɗi mai duhu aka ƙarasa da baƙi, ba a lura ba. Sannan a jikin farin ƙyallen, nan da can, ga wasu ƙananan ɗige-ɗige masu launin ƙasa. Na daɗe ina kallonsu kafin in gane busasshen jini ne.

Abokina, mai gardamar nan, ya yi magana a hankali. "Adasa ukku ba su haɗuwa kan ƙarya guda. Kana da tsohuwar hula?"

Na shiga ɗaki na kwaso duk hulunan Sallolin baya. Mafi tsufa a ciki, da muka ɗauka, layukanta sun miƙe kamar kunyoyin hawasha, ko adasata ta roba ba ta iya ɓata su ba. Muka jera su bisa tsufansu muna bi ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta fi ta gabanta lalacewa. Daga nesa ba za ka taɓa gani ba, don hannunta ya haddace zanen.

Na tarar da Hala a ƙarƙashin rakuba, rumfar tsakar gida, tana soya bunnin jabana, wato 'ya'yan gahawa. Na durƙusa na nuna mata hoton, na ce, "Hala, mi ya samu idon Inna?"

Ta ci gaba da juya bunni kamar ba ta ji ba, har ya fara ƙauri. Sannan ta sauke, ta sa hannu a wuyanta ta jawo wani zare. A ƙarshensa akwai matsefata, irin wadda ake cire ƙaya da ita. Tun ina yaro nake ganin zaren nan a wuyanta.

"Gashin ido ne, ɗana. Ya juya ciki yana sukar ta. Kwana kaɗan in cire mata, ta sa kwalli, ta samu sauƙi. Ya sake tsirowa, in sake cirewa."

"Tun yaushe?"

"Tun babanka na da rai."

Na ce me ya hana a je asibiti, me ya hana a gaya mini? Ta dube ni kamar na yi tambayar yara. Ta ce uwarsu da ƙafarta ta tafi mustashfa, wato asibitin, a kan ciwon ido, aka dawo da ita ana ja mata sanda, tun daga nan Inna ta rantse ƙarfe ba zai taɓa idonta ba. "Kai kuwa, a gaya maka ta yaya? Ɗan fari aka kai ma kukan ido? Ta sa na yi mata alkawari, ko ƙannenka mata da ke gidajen mazansu ba su sani ba."

Abin da na yi bayan nan, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Na koma zaure na karɓi adasar abokina, don tawa sai an manna ta a jikin abu, ba ta yiwuwa a ido. Na shiga cikin gida. Mahaifiyata tana zaune a ƙofar ɗakinta da wata hula a cinya. Maimakon in tsaya daga gefe yadda na saba, sai na zo na zauna a gabanta, gwiwa da gwiwa.

"Inna, ina son in duba idonki."

Ta ja mayafi, ta juya wajen ƙanwarta. "Ke, ce ma wanga yaro ya tashi gabana."

Hala ta ce, "Yaya, ya riga ya sani. Ba ni na faɗa ba, hularki ta faɗa." Ta zauna a bayanta, ta janye mayafin, ta ɗaga mata haɓa zuwa haske. Ina da gemu a lokacin, amma ranar ce na fara kallon fuskar mahaifiyata sosai. Sai da na ɗauka sau da yawa kafin hoto ɗaya ya fita.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ɗauki kan ƙuda, na ɗauki haƙoran tururuwa, ban taɓa ganin abin da ya firgita ni kamar hoton nan ba. Fatar idon ta nannaɗe ciki. Gashin da ake cirewa ashe ba duka yake fita ba, karyewa yake, ya bar guntaye masu tsini kamar kututturen dawa bayan girbi, duk suna kwance a kan ƙwayar idon. Duk ƙiftawa ɗaya, sai sun karce ta. Idon hagu wani farin tabo ya rufe baƙinsa gaba ɗaya. Na dama kuma tabon ya faro daga sama yana saukowa. Da wannan idon take zura allura. Da shi ta yi mini hula.

Hala ta karɓi wayar ta duba, sai ta dafe kai. "Wayyo ni! Guntayen nan ni na bar su? Ni da nike cewa magani nike mata!"

Na ce gobe za mu tafi birnin Madani wurin likitan ido. Mahaifiyata ta ce wa Hala ta gaya mini ba inda za ta. Idonta lafiya lau, tana ganin aikinta, wanda ya ga aibu a ɗinkinta ya zo ya nuna mata. Na roƙe ta, Hala ta yi kuka, ko gezau. Hoton wayar kuma ba ta iya ganinsa, balle ya tsorata ta.

Sai na tuna da tsohuwar adasar da muka raina tana aljihuna. Na je na ɗauko hular Sallar, na ɗora mata a cinya, na ba Hala gilashin na ce ta riƙe mata a gaban idon dama. Mahaifiyata ta so ta ture, sai kuma ta tsaya. Ta karɓa da kanta, ta matso da hular, ta ja da ita baya har ta samu daidai. Ta bi layin farko. Ta bi na biyu. Ta kai inda shuɗi ya koma baƙi.

"Wa yay yi wanga aiki?"

Ta juya hular, ta shafa cikinta, ta ji ƙullin zarenta da ba wanda ke yin irinsa. Sannan ta ɗago, ba wajen Hala ba, wajena, ta yi mini magana kai tsaye, abin da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni.

"Wagga ka sanya ka tahi Idi? Ka shiga mutane da ita, anka ce ni na yi?"

Na ce, "Na'am, Inna."

Ta rufe hular da tafin hannunta. Can ta ce wa Hala, "A nemo mota."

A Madani likitan ya kalli hotona ya ce ba laifi, sannan ya duba da nasa kayan. Ya ce ciwo ne sananne a ƙauyukan ban-ruwa, kuma ba ƙwayar idon za a taɓa ba, fatar kawai za a gyara ta juyo waje. Na hagu ya riga ya tafi, ba abin da za a iya. Na dama an tare shi a hanya. Aikin bai daɗe ba, da ƙafarta ta fito, Hala na biye da ita tana ta hamdala. A hanyar dawowa, da muka zo kan wata gada, Hala ta tsinke zaren wuyanta ta jefa matsefatar a ruwa.

Gardamar adasa kuwa mahaifiyata ce ta raba ta. Abokina ya zo duba ta, ya kasa haƙuri, ya baje mata duka ukun. Ta ce tawa ta roba wasan yara ce, tasa kuma ta yi ƙanƙanta, ba ta kama zane. Ta ɗauki tsohuwar ta jefa a kwandon zarenta. Ba ta tambayi kowa ba, ba ta kuma dawo da ita ba. Abokina ya buɗe baki zai yi musu, ya tuna da wa yake magana, ya rufe.

Har yau abin yana ba ni mamaki. Gida ɗaya, tukunya ɗaya, kullum da safe ina durƙusawa a gabanta, tana makancewa ban sani ba. Ba don ba na son ta ba, ba don ba ta so na ba. Kunyar da muke girmama juna da ita ce ta tsaya a tsakani, kuma da ba don wani mai gardama ya fizge mini hula ba, da sai ranar da ta nemi sanda zan sani. Ban ce a bar kunya ba, ni ma da ita na tashi. Amma duk wanda ya ce mini iyayensa lafiya lau, nakan tambaye shi yaushe rabon da ya kalle su da kyau.

Ta nemi in ba ta karkatacciyar hular ta warware, na ɓoye, tana nan a wurina. Har yanzu ba ta kiran sunana, kuma hular Sallah a kan gado nake tarar da ita. Abu ɗaya ne ya sauya. In na shigo gaishe ta da safe, takan janye mayafin da kanta, ta ɗaga fuskarta wajen haske, ta buɗe idon dama sosai, ta bar ni in duba. Sannan ta ce, "Ka gani? To, tashi gabana."